Dangin wake a tsakanin kunyoyi: Yadda ake rufe ƙasa domin farfaɗo da gona

A watan Yunin shekara ta 2006 shugabannin ƙasashen Afirka sun yi wani taron ƙoli a Abuja, inda suka ɗauki alkawarin ƙara yawan takin zamanin da manoman nahiyar ke amfani da shi, daga kimanin kilo 8 a kowace hekta zuwa kilo 50 kafin shekara ta 2015.

Wa'adin dai ya zo ya wuce ba tare da an cim ma wannan buri ba. Sa'annan a shekarun 2021 da 2022 farashin taki ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya, sakamakon tsadar iskar gas da kuma yaƙin Rasha da Ukraine.

A lokacin da shugabannin suka sake haɗuwa a birnin Nairobi a watan Mayun 2024, batun lafiyar ƙasar noma ya shiga cikin sunan taron kansa, kafaɗa da kafaɗa da batun taki.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana aikin gona ke yawan ambatawa a wannan fanni ita ce shuka dangin wake a matsayin murfin ƙasa, a gonakin hatsi da sauran amfanin da ake shukawa layi-layi.

Mece ce shukar rufe ƙasa?

Shukar rufe ƙasa ita ce wadda manomi ke shukawa da nufin kare ƙasar gonarsa da kuma ƙara mata ƙarfi, ko da kuwa ba zai girbi ƙwaya daga gare ta ba.

Amfanin gona irin su masara, da dawa, da gero, da auduga, ana shuka su ne a kan layi ko kunya, tare da barin rata a tsakani. Wannan rata kan kasance a buɗe na tsawon makonni a farkon damina, kuma bayan girbi gonar baki ɗaya kan zauna tsirara har wata daminar.

A irin wannan lokaci ne ruwan sama mai ƙarfi ke dukan ƙasa yana kwashe samanta, iska na ɗebe ta, zafin rana kuma na gaggauta ƙarewar ɗan abin da ya rage na ruɓaɓɓen ganye a cikinta.

Ana iya rufe ƙasa da ciyayi iri-iri. To amma dangin wake, wato wake, da gyaɗa, da waken suya, da gujiya, da lablab, da mukuna da makamantansu, suna da wata baiwa da sauran ba su da ita, wato samo sinadarin naitirojin daga iska.

Yadda suke samar da taki

Kimanin kashi 78 cikin ɗari na iskar da ke kewaye da duniya naitirojin ne, wato sinadarin da ke sa ganyen shuka ya yi kore shar. Sai dai tsirrai ba sa iya shan sa kai tsaye daga iska.

Dangin wake na samun sa ne ta hanyar wani ƙawance da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke cikin ƙasa, waɗanda ake kira raizobiyom. Ƙwayoyin kan shiga cikin saiwar tsiron su haifar da 'yan ƙulle-ƙulle masu kama da ƙuraje, inda suke sarrafa naitirojin na iska ya koma abincin shuka. Shi kuma tsiron ya ciyar da su da sukarin da ganyensa ke haɗawa.

Wasu masana biyu 'yan ƙasar Jamus, Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth ne suka tabbatar da wannan al'amari a tsakanin 1886 da 1888. A shekarar 1888 ɗin ce kuma wani masani ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, ya yi nasarar ware ƙwayoyin a ɗakin bincike.

Manomi na iya gane ko aikin na gudana a gonarsa. Idan ya tuge tsiron wake ya tsaga ɗaya daga cikin ƙulle-ƙullen da farce, ya ga cikinsa ja-ja, to ƙwayoyin na aiki. Idan kuwa fari ne ko kore-kore, to babu wani abin kirki da suke samarwa.

A wuraren da ke da isasshen ruwan sama, hekta guda ta mukuna da ta yi yabanya sosai na iya tara fiye da kilo 100 na naitirojin a ganyenta da jijiyoyinta. Buhun yuriya mai nauyin kilo 50 na ɗauke ne da kilo 23 na sinadarin, yayin da buhun takin kamfa na 15-15-15 ke ɗauke da kilo bakwai da rabi.

Sai dai ba duka ne hatsin da zai biyo baya ke samu ba. Wani kaso kan salwanta tun kafin saiwar hatsin ta kai gare shi, musamman idan an sami doguwar tazara tsakanin bushewar ganyen da sabuwar shuka.

Hanyoyin shukawa

Akwai manyan hanyoyi guda uku da manoma ke bi.

Ta farko ita ce haɗa su a gona ɗaya a lokaci ɗaya, layin hatsi kusa da layin wake, ko kuma layuka biyu na hatsi sa'annan wasu layuka na wake.

Ta biyu ita ce a jira hatsin ya yi nisa, kamar makonni biyar zuwa shida bayan shuka, sa'annan a shuka murfin a tsakanin kunyoyi. Ta haka ba zai danne hatsin ba, kuma da zarar an yi girbi sai ya mamaye gonar.

Ta uku kuwa ita ce karɓa-karɓa, wato a ba dangin wake gonar a bana, baɗi kuma a mayar da hatsi.

Idan lokacin sabuwar shuka ya yi, wasu kan binne ganyen da garma. Wasu kuma kan sassabe shi su bar shi a shimfiɗe a bisa ƙasa, su yi shuka a cikinsa ba tare da huɗa ba, domin ya riƙe damshi ya kuma hana ciyawa fitowa.

Darasin ƙasar Honduras

Tsiron da ya fi yin suna a wannan fanni shi ne mukuna, wani wake mai yaɗo da ke da dangantaka da karara ta daji, sai dai irin da ake nomawa ba shi da ƙaiƙayi.

A farkon ƙarni na 20 manoman kudancin ƙasar Amurka sun noma shi da yawa domin gyaran ƙasa da ciyar da shanu, amma suka yi watsi da shi bayan da takin zamani ya yi araha, waken suya kuma ya samu kasuwa.

A farkon shekarun 1970 ne tsiron ya isa gaɓar tekun arewacin Honduras da ke yankin tsakiyar Amurka, ta hannun manoman da suka yi ƙaura daga Guatemala. Babu wata hukuma da ta yaɗa shi, daga manomi zuwa manomi ya riƙa tafiya.

Yankin na da ruwan sama mai yawa da kuma lokutan noma biyu a shekara. Manoman kan bar wa mukuna gonar a lokacin da ruwa ya fi yawa, sa'annan su sassabe shi a ƙarshen shekara su shuka masara a cikin ganyen. 'Ya'yan da suka zube kuma su sake tsirowa da kansu.

Zuwa farkon shekarun 1990 dubban manoman kan tudu ne suka rungumi tsarin, kuma masarar da suke samu kan kai kusan ninki biyu na ta gonakin da ba su da murfin.

To amma kafin ƙarshen shekarun 1990, da dama daga cikinsu sun daina. Daga cikin dalilan akwai ɓullar wata muguwar ciyawa da ta gagari mukunan, da faɗaɗar kiwon shanu wanda ya cinye gonaki, da kuma sauye-sauye a harkar mallakar filaye.

Jamhuriyar Benin da yaƙi da tofa

A Afirka ta Yamma, gwajin da aka fi sani shi ne na lardin Mono da ke kudancin Jamhuriyar Benin, inda masu bincike na ƙasar tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi, IITA, mai hedkwata a Ibadan, suka gabatar wa manoma da mukuna a ƙarshen shekarun 1980.

Masu binciken sun kawo shi ne domin ƙara wa ƙasa ƙarfi. Su kuwa manoman wani abu dabam suka gani. Sun lura cewa inuwar mukuna na kashe tofa, ciyawar nan mai jijiyoyi a ƙarƙashin ƙasa da kan tilasta wa manomi barin gonarsa.

Wannan ne ya sa tsiron ya karɓu. Ƙungiyar Sasakawa Global 2000 ta shiga sayen iri daga hannun manoma tana rarrabawa a sauran sassan ƙasar, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1990 dubban manoma ne ke shuka shi.

Sai dai da aka rage sayen irin, sai sha'awar ta ja baya. 'Ya'yan mukuna na ɗauke da wani sinadari da ake kira L-Dopa, wanda ake amfani da shi wajen maganin cutar karkarwar jiki ta Parkinson, amma yana cutarwa idan aka ci shi da yawa. Sai an jiƙa waken an dafa shi an zubar da ruwan sau da dama kafin ya ciwu.

Don haka manomin da ya ba mukuna rabin shekara, ba shi da abin kaiwa rumbu ko kasuwa daga wannan rabin.

Kenya: Kora da janyowa

A yammacin ƙasar Kenya kuwa, cibiyar nazarin ƙwari ta icipe da ke Nairobi, tare da cibiyar Rothamsted ta Birtaniya, sun ɓullo da wani tsari a shekarun 1990 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Zeyaur Khan.

A wannan tsari ana shuka wani ɗan dangin wake mai suna desmodiyom a tsakanin layukan masara, sa'annan a kewaye gonar da dogayen ciyayi irin su nafiya.

Manufar farko ita ce yaƙi da tsutsar da ke huda kara: desmodiyom ya kore ta daga jikin masara, ciyawar bakin gona kuma ta janye ta. Daga baya wasu masu bincike sun nuna cewa gashin da ke jikin desmodiyom ɗin ma na kama tsutsotsin ya halaka su.

A yayin gwaje-gwajen ne aka gano cewa gonakin da ke da desmodiyom na samun sauƙin ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, saboda wasu sinadarai da saiwarsa ke fitarwa suna hana ƙudujin maƙalewa a saiwar hatsi.

An kuma sami rahotannin raguwar ɓarnar baƙuwar tsutsar masarar nan da aka fara gani a Afirka a 2016.

Wani abin da ya taimaka wa tsarin shi ne manoman yankin da dama na kiwon shanun madara a turke, kuma duka tsirran biyu abinci ne mai kyau ga dabbobi. Duk da haka tsadar irin desmodiyom da yawan aikin da ake sha a shekarar farko sun rage saurin yaɗuwarsa.

Arewacin Najeriya da Nijar

A ƙasar Hausa haɗa hatsi da dangin wake daɗaɗɗiyar al'ada ce. Gero da dawa da wake a gona ɗaya, ko kuma gicci, inda ake ratsa gonar gyaɗa da layukan hatsi masu nisa da juna, abu ne da aka gada kaka da kakanni.

Binciken da masanin tattalin arzikin noma David Norman ya gudanar daga Samaru ta Zariya a shekarun 1960 da 1970 ya nuna cewa wannan haɗi na rage wa manomi kasadar tashi a tutar babu, a lokacin da wasu ke kallon sa a matsayin ci baya.

Wake mai yaɗo, irin su kanannado, na yin aikin murfin ƙasa a ƙarshen damina bayan an cire gero. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, sai Nijar ke bi mata.

Amma tsirrai irin su mukuna, da ba a cin su, ba su samu gindin zama a yankin ba, duk da gwaje-gwajen da aka yi. Dalilan kuwa a fili suke.

Damina ɗaya ce a shekara, kuma a wurare irin su Kano, da Katsina, da Maraɗi, da Damagaram ba ta wuce watanni uku zuwa huɗu. Duk wanda ya ba murfin ƙasa gonarsa, to ya ba shi abincin iyalinsa na shekara guda.

Bayan kaka kuma akan saki dabbobi su yi kiwo a gonaki. Abin da suka bari, gara da iska da wutar daji kan ƙarasa shi a cikin watanni bakwai ko takwas na rani.

Bugu da ƙari, harawar wake da ta gyaɗa kuɗi ce a hannu, musamman idan rani ya yi nisa ko kuma ana turka raguna domin Babbar Sallah. Da wuya manomi ya bar ta a ƙasa ta ruɓe.

Wannan ya sa masu bincike suka karkata ga irin da ke ba da ƙwaya da harawa tare. A tashar IITA ta Kano, masanin irin wake Dokta B.B. Singh da abokan aikinsa sun yaɗa tsarin layuka biyu na hatsi da layuka huɗu na ingantaccen wake, inda ake ciyar da dabbobi da harawar, a kuma mayar da takinsu gona.

A yankunan da suka fi samun ruwa, kamar jihar Kaduna da kudancin Borno, karɓa-karɓa tsakanin waken suya da masara ya karɓu. Shirin PROSAB da ya gudana a Borno daga 2004 zuwa 2009 ya yaɗa irin waken suya kamar TGx 1448-2E a yankin Biu da kewaye.

Wani amfanin wannan karɓa-karɓa shi ne rage ƙuduji. Tushe ɗaya na ƙuduji na zubar da dubban ƙananan 'ya'ya, waɗanda kan iya zama a ƙasa fiye da shekaru goma suna jiran saiwar hatsi. Saiwar wasu nau'o'in waken suya kan yaudare su su tsiro, amma da yake ba za su iya maƙale mata ba, sai su mutu.

Sai dai shi wake yana da nasa nau'in ƙudujin da ke kama shi, don haka ake ba da shawarar shuka irin da ke da juriya gare shi.

Abubuwan da ya kamata a sani

Dangin wake ba sa maye gurbin taki gaba ɗaya. Naitirojin kaɗai suke samarwa, kuma su kansu suna buƙatar sinadarin fosfaros kafin su yi aikin yadda ya kamata. Ƙasar yankin Sahel na da ƙarancin wannan sinadari, shi ya sa ake ba da shawarar sanya takin supa a lokacin shuka.

Haka nan idan aka kwashe ƙwaya da harawa duka daga gona ba tare da an mayar da takin dabbobi ba, abin da ya rage wa ƙasa kaɗan ne. Wannan ya fi shafar waken suya, wanda ke tattara yawancin naitirojin ɗinsa a cikin ƙwaya.

A wasu gonaki kuma babu isassun ƙwayoyin raizobiyom da suka dace da irin da aka shuka. Akwai wani baƙin gari da ake cuɗa iri da shi kafin shuka domin cike wannan giɓi, kamar NoduMax da IITA ke sarrafawa a Ibadan saboda waken suya. Shirin N2Africa, wanda ya yi aiki daga 2009 zuwa 2019 a ƙasashe da dama ciki har da Najeriya da Ghana, ya mayar da hankali a kan wannan.

Lokacin shuka ma na da muhimmanci. Idan aka yi gaggawar shuka mai yaɗo, zai hau kan hatsi ya kwantar da shi, kuma a shekarar fari zai yi gogayya da hatsin wajen neman damshi. Wasu manoman na kuma kokawa da cewa duhuwar ganyen na zama maɓoyar ɓeraye da macizai.

Akwai kuma batun mallakar gona. Amfanin murfin ƙasa kan ɗauki shekaru kafin ya bayyana sosai, don haka wanda ke noma gonar aro ko ta haya ba lallai ne ya yarda ya yi wahalar da wani zai ci moriyarta ba.

Matsalar ba ta tsaya ga ƙananan manoma ba. A Amurka, inda ake noman masara da waken suya da manyan injuna, ƙidayar aikin gona ta nuna cewa filayen da ke da murfin ƙasa sun ƙaru daga eka miliyan 10 da ɗoriya a 2012 zuwa kimanin eka miliyan 18 a 2022. Duk da tallafin da gwamnati ke bayarwa, wannan bai kai kashi 5 cikin ɗari na filayen noman ƙasar ba.

Ina aka dosa?

A da, manomi kan bar gona ta zama saura na wasu shekaru domin ta huta. Ƙaruwar jama'a da rabon gado sun sa hakan ya yi wuya a yawancin ƙasar Hausa, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara.

Abin da aka gani a Honduras, da Benin, da Kenya, da kuma arewacin Najeriya na nuna cewa manoma sun fi riƙe dangin waken da ke biya musu wata buƙata ta kusa, ko abinci, ko harawa, ko kuɗi, ko kuma maganin wata ciyawa da ta addabe su. Gyaran ƙasar kan biyo baya ne.

Saboda haka masu bincike a yankin suka fi mayar da hankali a kan samar da ingantaccen iri mai saurin nuna, da takin fosfaros a farashin da manomi zai iya saye, da kuma kasuwar da za ta ɗauki waken idan an girbe.